Ƙusa a Gurbin Fiyus

Shekarar da na gama koyon aikin lantarki a Maraɗi, yayana ya sayo famfon ban-ruwa a Ɗan Issa, da batir biyu da faifan sola, don lambunsa na bakin tafki. Waya kuwa ya sayo siririya, wadda ko kwan fitila sai da lallashi. Sau uku fiyus, ɗan abin nan mai katse wuta in ta yi yawa, yana ƙonewa. A na huɗu ya yi abin da duk masu lambunmu suke yi, ya cusa ƙusa a gurbinsa.

Na durƙusa na zana masa lissafin a ƙasa. Famfo wat ɗari huɗu da tamanin ne, batir biyu bolt ashirin da huɗu. A raba na farko da na biyu, amfiya ashirin ke nan. Wayarsa ba ta ɗaukar fiye da takwas.

“Yaya, wayar ga ba ta ɗauka. Wuta za ta yi.”

“Ni za ka koya ma ban-ruwa? Mi ka taɓa shukawa?”

Ya sa ƙafa ya shafe lissafin, ya kwaɗa mini mari a gaban maƙwabta. Ina da zuciya, ban taɓa musu ba. Na sunkuce shi na maka da ƙasa, na haye ƙirjinsa ina duka har leɓensa ya fashe. Mutum uku suka ɓamɓare ni. Da zan tafi na bi ta gaban akwatin batir, na ga ƙusar da idona. Zare ta bai fi ƙiftawar ido ba. Na ce a raina, bari ta koya masa.

Kafin azahar wayar ta kama da wuta, ta nufi zanar rumfar da ya tara albasarsa. Ya damƙe wayar da hannun dama ya fizge. Robar ta narke a tafinsa, jan ƙarfen ya ci nama har jijiya. Daga gida na jiyo ihunsa.

Yatsu uku suka ƙandare, ba su sake miƙewa ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, yakan ma gaya wa mutane ƙanensa ya faɗa tun farko. Wannan yabon ya fi marin ciwo.

Har yau kwano ɗaya muke ci. Shi da hagu yake kai loma, ni kuma ba na iya ɗaga ido.