Irin Geron da Ya Rataye a Rumbu

Bana shekara hamsin da bakwai ke nan da mota ta tafi da mijina na fari yaƙin basasa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. Sunansa kuwa ba zan kira ba, a zamaninmu mace ba ta yin haka.

Bayan girbi aka zo neman soja. A ƙauyenmu na ƙasar Roni, gidan da ke da maza uku sai a zuba masa ido har ɗaya ya miƙe. Wansa iyali sun yi masa yawa, ƙanensa yaro ne. Shi ya miƙe. Kafin ya fita ya zaɓi zangarnun gero masu kyau, ya ɗaure, ya rataye a rumbu. Ya ce mini, "Wannan iri ne. Ko yunwa ta matsa, kada ki daka. Zan dawo in shuka."

Rediyo ɗaya ce a garin, a ƙofar gidan dagaci. Maza na zaune, ni ina laɓe bayan danga da goyo. Kullum a ce an ci wani gari mai wuyar suna. Wanda ya mutu wajen cinsa, ba a faɗa.

Aka gama yaƙi, wasu suka dawo. Ɗaya ya ce ya gan shi a bakin wani kogi, shi ke nan. Ba gawa, ba kabari. Sai da liman ya ce in shiga takaba, na shiga ban san ranar da ya mutu ba. Na sake aure, wannan ma ya rasu, amma shi na san inda yake kwance.

Irin nan ban daka ba. Da ruwa ya sauka sojan nawa bai dawo ba, na shuka a gonarsa, kuma kowace shekara nakan ware na baɗi. Har yau ina kuka idan na ɗaure shi.

Yanzu yara na kallon yaƙi a waya suna cin tuwo. Da mijina na fari zai gani, ina jin cewa kawai zai yi, "Waɗannan matattun, an gaya wa matansu?"

Bana jikansa, wanda ke noma gonar, ya sayo sabon iri. "Kaka, damina ta gajarce, naki ba ya kaiwa."

Gaskiyarsa, ni ma na gaji. Layi biyu na roƙa a gefen gona, ya ba ni. Ya sara, na bi shi ina zubawa ina rufewa da ƙafa.

Na gaya wa 'yan gida, ranar da na mutu su sauko da na rumbun, su daka, su ci.