Gidan da Taswira Ta Ce Kududdufi Ne

A unguwar gangare, in aka ce Magini mutum ɗaya ake nufi, ko da yake masu riƙe cokalin siminti a wurin sun fi goma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kaushi kamar bayan bulo. Ya haura sittin, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa kallon bango ya ƙyale shi ba. An ce ranar da ya fara zuwa gaida surukinsa, kafin ya durƙusa sai da ya gaya wa dattijon cewa katangar gidansa ta karkata. Ba a hana shi auren ba, amma surukin bai yafe masa ba har ya koma ga Allah, musamman da katangar ta faɗi a daminar nan.

Yana ɗan shekara shida uwarsa ta rasu, yayarsa ta ɗauke shi. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa duka, ita ta ja hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon magini ta ce a koya masa aiki tun da boko ya ƙi shiga kansa. Har yau unguwa kaf Yaya suke ce mata, ita kuma Auta take ce masa, ko a gaban jikokinsa. Bayan mijinta ya rasu, Magini ya gina mata ɗaki da rumfa a lungun da ke bayan gidansa, ƙasa kaɗan da shi.

Gidan nasa kuwa yana da tarihi. Shekara talatin da suka wuce, a ƙarshen layin akwai wani babban kududdufi inda duk ruwan unguwa ke taruwa, na sama da na wanki da wanda ba a faɗin sunansa a gaban abinci. Magini ya fara kawo ɓaraguzan duk ginin da ya rushe yana zubawa a ciki, baro bayan baro. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wai yana korar musu sauro. Da aka shekara biyu sai ga busasshiyar ƙasa, da aka shekara uku sai ga harsashin gini. Masu sa albarkar suka dubi juna, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ruwan da aka ƙwace wa masauki bai yi fushi ba, sai ya shiga neman wani. Tun daga lokacin, kowace damina yana kwana a ɗakunan mutane, yau a wannan gida, gobe a wancan. Unguwa ta rubuta wa ƙaramar hukuma koke har aka rasa adadinsa. A kowace takarda, babban yatsan Magini ne na farko, don shi mutum ne mai kishin unguwa.

A shekara ta ashirin da bakwai hukuma ta amsa. Mai askin bakin titi ne ya kawo labarin, reza na kan maƙogwaron Magini.

"Ka ji za a sa mana bututu? Babba, wanda zai kwashe ƙazantar unguwa duka ya kai wani ƙaton rami."

"Madalla. Ina za a haƙa ramin?"

"A kududdufi, in ji takardar."

"Wane kududdufi?"

Mai aski ya ɗaga rezar tukuna, don ya san aikinsa. "Mu dai ɗaya muka taɓa sani, kuma a cikinsa kake ajiye talabijin."

Ranar zaman kwamitin filaye da magudanan ruwa, Magini ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. An rubuta ƙarfe goma, aka fara ƙarfe ɗaya saura. Zauren yana da dogon tebur mai mayafi kore, kansiloli tara a bayansa, da fanka ɗaya tal da ke aiki. Rabin awar farko ta tafi a kan wanda ya kamata ya zauna a ƙarƙashinta. Bayan nan aka ɗauki launin allon da za a kafa a bakin aikin. Wani kansila mai tumbi ya ce shuɗi, tun da ruwa ne. Wata kansila mai tabarau ta ce ruwan da ake magana a kai ba shuɗi ba ne, kuma kowa ya san launinsa. Aka kaɗa ƙuri'a, shuɗi ya ci.

Sai aka ba jama'a dama, kowa minti uku. Sakatare yana da 'yar ƙararrawa a gabansa, yana shafa ta kamar kyanwa.

Magini ya miƙe. "Ranka ya daɗe, wurin da za ku haƙa ramin nan gidana ne."

Sakatare ya warware wata taswira da ta yi ja don tsufa, ya danne gefenta da kofin shayi, ya bi ta da yatsa. "Nan kududdufi ne, Baba."

"Da can."

"Taswira ba ta da da can."

"Yallaɓai, a ciki na kwana jiya. 'Ya'ya bakwai aka haifa mini a wurin."

"To barka da arziki," in ji kansila mai tumbi, "da ba wanda ya nitse."

Zauren ya ɗauki dariya. Shugaban kwamitin, wani dogo mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin su zube, ya ɗaga hannu. Ya ce gani ya kori ji, don haka ya kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku su je su gano. Ƙararrawa ta yi ƙara.

Ƙaramin kwamitin ya zo kuwa, ba za a yi musu ƙarya ba. Magini ya share ƙofar gida, matarsa ta shimfiɗa sabuwar darduma, aka aro kujeru. Motar ta tsaya can sama inda kwalta ta ƙare, saboda direba ya ce ba zai sa tayarsa a taɓo ba. Mutum ukun suka fito, suka yi wa idanunsu rumfa da hannu, suka dubi gangaren na tsawon shan ruwa, suka koma. Rahotonsu layi biyu ne, an hango alamun danshi a yankin, abin da ya yi daidai da taswira.

Daga nan Magini ya daina cin abinci sosai. Yakan zauna a tsakar gida yana kallon ginshiƙan da ya ɗora da hannunsa. Ba shi da takardar fili, don ba a ba da takarda a kan ruwa. Abin da yake da shi kawai gidan ne, kuma hukuma ta ce babu shi. Abin da babu shi kuwa ba a rushe shi, balle a yi maganar diyya, haƙa kawai ake yi.

Yaya ce ta same shi a haka, ta shigo tana dogara sandarta.

"Auta, ka zauna kamar kazar da ruwa ya doka. Yaushe ne zaman nasu na gaba?"

"Laraba. Yaya, gwiwarki ba za ta kai ki ba."

"Gwiwata ta goya ka shekara biyu, za ta kai ni wurin yaran nan."

Ranar Laraba ta shiga zauren a gabansa. Da aka zo kan jama'a ba ta jira a kira ta ba.

"Kai mai ƙararrawa, ɗauke hannunka, na haifi wanda ya girme ka. Kuna cewa babu gida? Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa simintinsa, a kaina, daga ragowar kududdufin kafin ya ƙare. Baro dubu nawa yaron nan ya tura kafin wurin ya cike? Ku tambayi bayansa!"

Wani saurayin lauya da hukuma ta ajiye a ƙarshen tebur, wanda tun safe yake wasa da biro, ya ɗago kai kamar an kira shi cin abinci.

"Mama, wato shi da kansa ya cike filin hukuma?"

"Da hannunsa!" in ji Yaya, cike da alfahari.

Lauya ya fara rubutu. Magini ya miƙe a hankali, ya cire hularsa, bai dubi kowa ba sai fankar.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne, ni na cike. Amma rabi na ci. Ɗaya rabin na gabas, inda shagunan nan takwas suke, ni na gina wa mai su. Ban manta ranar ba, don shi da kansa ya riƙe mini igiyar awo. In ana son sunansa a rubuta, minti ukuna bai ƙare ba."

Tari ya sarƙe shugaba. Aka miƙa masa ruwa. Kansila mai tabarau ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su hargitse ba, lauya kuma ya rufe bironsa. Da tarin ya lafa, shugaba ya ce a ganinsa an daɗe ana zaluntar wannan dattijo, kuma hukuma uwa ce. Ya ba da hutun minti goma. Yaya ta ce ita zafin ɗakin ya ishe ta, za ta jira a bencin waje.

Da aka dawo, an kira injiniya, wani matashi mai tsabtar takalmi. Aka kira Magini ma ya matso bakin tebur, a matsayin wakilin unguwa. Injiniya ya sunkuya a kan taswirar da fensir.

"Ruwa gangare yake bi," ya ce. "A unguwar nan wuri biyu ne kawai zai tafi da kansa. Ko kududdufi, ko nan." Ya matsar da fensirin faɗin yatsa ɗaya, ya yi ɗan da'ira a wani farin wuri. "Nan kuwa fili ne, babu komai."

Magini bai iya karatu sosai ba, amma ya iya ƙasa. Ya bi layin da ido, daga bakin titi, ya wuce shagon mai aski, ya sauka, ya kewaye bayan katangarsa. Faɗin yatsan nan lungun Yaya ne. Ɗakinta da rumfarta, da gidaje uku na maƙwabtanta, duk suna cikin da'irar, kuma duk an gina su bayan an zana taswirar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron ya yi gaskiya. Shekara arba'in yana gyara wa injiniyoyi kuskure, yau da yake neman kuskure ko ɗaya, babu. Wuri biyu ne, ba na uku.

"Akwai mai ƙorafi?" in ji shugaba.

Magini ya buɗe baki. Ya tuna ginshiƙansa, da matarsa, da jikokin da ke rarrafe a tsakar gida. Ta taga yana hango bayan kan Yaya a benci, ta cire takalmi tana murza gwiwa. Sakatare ya ɗora tafin hannu a kan ƙararrawa yana jira.

"Baba, ko akwai magana?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Aka turo masa takarda da tawada. Ya dangwala babban yatsansa a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa wakilin al'umma ya gani ya amince. Aka yi tafi. Kansila mai tumbi ya kama hannunsa ya ce da duk talakawa haka suke, da mulki ya yi daɗi.

A waje, Yaya ta ɗago kai.

"Yaya aka ƙare, Auta?"

"An bar gidan."

"Alhamdu lillahi! Ka ga amfanin bakina? Da na biye maka da yanzu kana kuka. To ina za su kai ƙazantar tasu?"

"Wani fili suka samu."

"Allah ya ba mai filin haƙuri. Miƙo mini takalmina."

Ya durƙusa ya sa mata da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Yana ƙasa ya ce, "Yaya, ɗakin nan na bakin ƙofa da yaran suka bari, me zai hana ki dawo cikinsa? Kin ga girma ya zo."

"In bar ɗakina in zo in zauna matarka tana auna mini sukari? Sai dai a fitar da gawata. Ba kai ka gina shi ba? Ba kai ka ce zai shekara ɗari ba?"

"Na ce."

"To rufe mini baki, ka kama ni mu tafi."

Ya kama hannunta suka fara sauka. A hanya ya yi ta lallashin zuciyarsa da abin da kowa ya sani game da hukuma. Shekara ashirin da bakwai ta ɗauka kafin ta amsa takarda, kafin ta kawo motar haƙa kuma sai abin da Allah ya yi. Yaya kuwa ta ba saba'in da huɗu baya. Sai da suka kai inda kwalta ta ƙare ya gane lissafin da yake yi, da kuma amsar da yake fatan ya samu. Ya tsaya cik.

"Me kuma?" in ji Yaya.

"Ba komai."

"To taka a hankali, kana ja na kamar akuya."