Mutumin da Ya Kai Ƙarar Kansa

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ofis, kafin masu shara su gama da baranda. Ofishin ma sai an yi masa kara za a kira shi ofis. Ɗaki ne a ƙarshen hawa na biyu, tsakanin banɗaki da ma'ajiyar karyayyun kujeru, taga ɗaya, ita ma kabad ya cinye rabinta. Zai goge tebur da hankici, ya kunna tsohuwar kwamfutar da sai ta yi tari sau uku take farkawa, sannan ya jawo maƙalar farko. Shekara ashirin da tara ya yi yana haka, a matsayin sakataren mujallar bincike ta jami'armu. Makon jiya ya yi ritaya.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Malami zai yi bincike, ya rubuta, ya aiko wa mujalla. Kafin a buga sai masana biyu sun duba, sun ce ta yi ko ba ta yi ba. Ƙa'ida ita ce kada mai dubawa ya san mai rubutu, kada mai rubutu ya san mai dubawa, don kada sanayya ko gaba ta yanke hukunci. Mutum ɗaya ne ke tsaye a tsakani, ya san wannan ya san wancan, ya kuma kama bakinsa. A zamanin tafireta da almakashi yake yanke sunan marubuci daga shafin farko, shi ya sa har yau ake ce masa Baba Almakashi.

Wanda ya riƙe sirrin malamai ɗari uku ba ya samun abokin hira, sai mai bugun ciki. Tun da wuri Baba ya gane cewa duk wanda ya jawo kujera kusa da shi a ɗakin cin abinci, kafin loma ta uku zai ce, "Af, Baba, wai wa aka ba takardata?" Sai ya daina zuwa. Kwanonsa yake buɗewa a kan tebur, ya ture fayil gefe, ya ci yana kallon rabin tagar nan.

Ni ma, kada a ce na fi kowa, na taɓa hawa benen da murmushi da tambayar lafiyar iyali. Maƙalata ce ta dawo da jan biro kamar an yi yanka a kanta. Na ce, "Baba, wannan salon maganar kamar na san mai shi." Bai ko ɗago ba ya ce, "To idan kun haɗu ka gaishe shi." Na sauko da kunyata a hannu.

Ko gida bai tsira ba. Ƙanin matarsa ya taɓa aiko da maƙala, uwargida ta tare Baba a bakin ƙofa. "Malam, ƙanina ne fa, ni na goye shi." Ya ce, "Shi ya sa na miƙa wa edita fayil ɗin, ban ko buɗe ba." Aka ƙi maƙalar, surukin ya yi shekara biyu bai taka gidan ba. Har gobe uwargida na cewa da aure maƙala ne, da yanzu ba ta san wa ta aura ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Don abin da ya faru mako shida kafin tafiyarsa ne.

Yana kintsa fayiloli don miƙa wa wanda zai gaje shi, sai ya ci karo da maƙalar wata matashiyar malama. Ta auna ruwan rijiyoyin wata unguwa, ta samu abin da ya saɓa wa binciken da wani babban farfesa ya buga shekarun baya. An ƙi maƙalar tun wata takwas da suka wuce. Mai dubawa na farko ya ce a gyara a buga. Na biyu layi biyu ya rubuta: ba ta da amfani, a watsar. Saboda rashin wannan maƙala ƙarin girma ya wuce malamar a bara, kuma idan ya sake wuce ta bana, doka ta ce ta nemi wani aikin.

Baba ya buɗe kwafin da ya aika wa masu dubawa. Shafin farko tsaf, babu suna. Ya juya zuwa na ƙarshe, can bayan jerin littattafai, sai ga layi uku na godiya da ya manta bai cire ba. Malamar ta gode wa ɗakin gwajinsu, ta gode wa malamin da ya koyar da ita, da sunansa ɓaro-ɓaro. Duk wanda ke fannin, yana gani ya san mai rubutun. Mai dubawa na biyu kuwa shi ne farfesan da ta ƙaryata bincikensa, wanda ya shekara goma ba ya ga maciji da malamin nata. Kamata ya yi ya mayar da takardar ya ce ya gane mai ita. Bai mayar ba.

Ba wanda ya sani. Fayil ɗin na hanyarsa ta zuwa kwali, kwali na hanyarsa ta zuwa ma'ajiya, inda gara ke karatun digiri. An riga an sa ranar walimar bankwana, an ba da aikin allon yabo. Baba ya zauna ya buga wasiƙa zuwa ga kwamitin mujalla, yana kai ƙarar sakataren mujalla.

Babban edita ya karanta a tsaye, sannan ya nemi kujera.

"Baba, ana zaune ƙalau? Saura mako shida fa."

"Biyar da kwana huɗu, ranka ya daɗe."

"To wa ya gani? Wa ya ji?"

"Ni na gani."

"Shekara ashirin da tara ba a taɓa kama ka da kuskure ba, sai yanzu za ka shafa wa kanka baƙi da hannunka?"

"Baƙin yana nan, ranka ya daɗe. A jikin yarinyar yake, kuma ba nata ba ne."

A taron kwamiti Baba ya karanta wasiƙarsa da kansa. Ko sau ɗaya bai ambaci suna ba, "mai dubawa na biyu" kawai yake cewa. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kafin ya kai ƙarshe farfesan, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, ya buga tebur ya miƙe, yana cewa ba za a ci mutuncinsa a gaban yara ba, shi da ya duba takardar da zuciya ɗaya. Sirrin da ba a taɓa jin irinsa daga bakin Baba ba, mai shi ne ya fasa shi da kansa, har waɗanda ke wucewa ta baranda suka samu rabonsu.

Kwamiti ya aika maƙalar ga wasu masana biyu na waje. Ta dawo da gyara goma sha ɗaya, masu zafi, malamar ta yi su duka, aka karɓa. Za ta fito a fitowa ta gaba, wadda sunan Baba ba ya cikin jerin ma'aikatanta. An kuma saka takardar gargaɗi a fayil ɗinsa na aiki, ta farko kuma ta ƙarshe. Shi ya buga ta, don babu wani mai buga wa kwamiti takarda.

Ranar walima kujera arba'in aka jera. Mu tara ne, har da mai gyaran lasifika. Farfesan na da jama'a, kuma kowa na da maƙalar da wata rana za ta bi ta hannunsa. Ni kaina sai da na leƙa na ga wa da wa suka zo kafin na shiga, Allah ya yafe mini. Baba ya zauna a gaba da allon yabonsa a cinya, yana kallon kujeru kamar yana ƙirga waɗanda za a mayar ma'ajiya.

Ana shirin tashi malamar ta shigo, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Tashi, 'yata. Ni na cinye miki wata takwas, godiyar me?"

"To me zan yi maka?"

Ya ce, "Wata rana ke ma za a aiko miki da takardar wani. Idan kin gane mai ita, ko masoyinki ne ko maƙiyinki, ki mayar. Shi ke nan."

Baba, kai ne ka tsaya tsakanin masu ilimi da son ransu, aikin da ba a yi wa tafi. Kai ne mai gadin da ya kama ɓarna a hannunsa, ya kai kansa gaban hukuma bai jira an zo ba. Muna buga sunayenmu da manyan haruffa a saman shafi, muna aika wa 'yan uwa hoto, alhali abin da ya sa ake yarda da shafin kai ne, da irinka da ba a san fuskarsu ba. Mun gode. Mun gode har da ranakun da ka kore mu da ladabi. Allah ya ba ka lafiya da hutawa, ya sa uwargida ta samu mai hira a ƙarshe.

Mu kuma da muka rage, editoci da masu dubawa da masu rubutu, kowannenmu na da wani fayil da shi kaɗai ya san abin da ke shafinsa na ƙarshe. Kada mu jira saura mako shida. A buɗe shi gobe da safe.