Daga Maƙogwaro Zuwa Gwiwa

Tun da na haifi 'yata ta fari a unguwar Nima, abu ɗaya nake tsoro: babban kwatamin da ya bi ta bayan gidanmu. In ruwa ya sauka yakan cika ya tafi da akuya, da kwano, da duk abin da ya tarar. Ina dama kokon sayarwa, ido ɗaya na kan tukunya, ɗaya na kan yarinyar nan. Kwatami kuwa bai taɓa yi mata komai ba.

Tana shekara shida ta ƙi cin ƙosai, ta ce haɗiya na mata ciwo. Jiki zafi rau. Uwar mijina ta danne mata harshe da cokali ta leƙa.

"Belu ne ya sauko. Ke ma dai, yarinya a gabanki ba ki gani? A kira wanzami."

Wanzami ya zo daga unguwar Maamobi ya yanke belun. Kwana huɗu ta ware, na ce an rabu ke nan.

Bayan mako uku gwiwar dama ta kumbura, ko zane ba ta yarda ya taɓa. Muka shafa man kaɗe. Ta sace, sai ta hagu ta ɗauka, sannan wuyan hannu. Maƙwabciyata mai sayar da kifi ta ce, "Ɗauko ta mu je asibiti, ni zan yi miki Turancin."

Likita ya bar gwiwa, ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Ya tambaya ko ta yi ciwon maƙogwaro kwanan nan. Na ce e, sannan na tambaye shi:

"Askar wanzami ce ta jawo?"

Ya ce ba ita ba ce. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga maƙogwaro, jiki ya tashi faɗa da ita, ƙwayar ta tafi, shi bai daina faɗan ba, ya juya kan gaɓoɓi, har ya taɓa zuciya. Ba kowane yaro yake samu ba, su ma likitoci ba su gama sanin dalili ba. Ya ce da dai an yi mata allura tun tana kukan haɗiya, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Da na faɗa a gida, uwar mijina ta ce, "Ina ruwan wuya da gwiwa? Ko gaisawa ba sa yi."

Yau shekara biyar ke nan, kowane wata sai mun sauka tashar Circle mun sake mota zuwa asibiti don allura. In ta ɗebo ruwa a famfo sai ta tsaya sau biyu ta huta.

Bara ƙanwarta ta ce haɗiya na mata ciwo. Na ji uwar mijina tana cewa a kira wanzami. Na goya yarinyar, na fita ta ƙofar baya, na taka katakon da aka ɗora kan kwatamin na haye, sai asibiti. Har yau uwar mijina tana min gorin rashin kunya.

Ke mai karanta wannan, in ɗanki ya ƙi abinci ya ce haɗiya na ciwo, jiki da zafi, don Allah ki kai shi asibiti a ranar. Kada ki jira gwiwa.