Bindigar Da Na Zaɓa Wa Taubashina

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ina roƙon a ba ni ɗan fili, a kuma sakaya sunana, ko da yake mutanen garinmu ba sai an faɗa musu ba. A shekarun da abin nan ya faru, ni ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye kusa da Minjibir. Na haura arba'in, ina da rufin asiri, ina kuma da baki. Idan na zauna a majalisa bayan La'asar, babu zancen da ba ni da ilimi a kansa, tun daga takin zamani har siyasar ƙasashen da ban san ta inda ake zuwa ba. Amma inda na fi ƙarfi shi ne zancen bindiga, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne sananne. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, iyakacin rabona da farautarsa shi ne cin naman fakara idan ya dawo. Ya rasu ina ƙarami, aka sayar da bindigarsa, ko sau ɗaya ban taɓa harba ta ba. Mutane suka ɗauka na gaji hannunsa, ni kuma ban ga dalilin gyara musu zance ba.

Ina da taubashi, ɗan goggona ƙanwar mahaifina, tare muka tashi. Wanda ya san wasan taubasai ya san babu abin da ba za ka iya faɗa wa taubashinka ba, shi kuma ba shi da damar fushi, in ma ya yi fushin shi za a yi wa dariya. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake kiransa ko a gaban waye. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya ramawa sosai, sai dai ya yi murmushi ya girgiza kai. Sana'arsa ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga da hula. Har daga birni ake kawo masa aiki, kuma idan ka ga yadda allura ke tafiya a tsakanin yatsunsa sai ka manta abin da ya kawo ka. Da allurar nan ya yi aure, da ita ya yi ɗakunan bulo, da ita yake riƙe da goggo da iyalinsa.

Wata shekara ya riƙa fama da ciwon kai da jiri, likita ya ce hawan jini ne, zama ya yi masa yawa, ya riƙa taka ƙafa. To amma a wajenmu magidanci ba ya fita yawo haka kawai. Gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, kafin ka wuce gona uku an tambaye ka me ya ɓace maka ko wa ya rasu. Sai ya yi tunanin ya riƙa bin mafarautan garinmu da ke fita bayan girbi. Ba wata farautar kirki ba ce, don ba mu da dajin, shaƙatawa ce kawai a bakin fadama, a samu fakara ko kurciya, wani lokaci zomo. Ya same ni a rumfata ya ce ya ga wata ƙaramar bindigar iska a wani shago a birni, sabuwa, mara nauyi, irin ta harbin tsuntsaye. Ya ce tunda ni na san kan abin, in raka shi in duba masa ita. Wallahi da a ranar na ce masa to, da ban zauna rubuta wannan wasiƙa ba.

Maimakon haka sai na fashe da dariya, na kwashi zancen na kai majalisa. Na ce bawana zai sayi bindigar ƙadangaru. Na ce ya ajiye kuɗinsa ya tafi da allurarsa ya riƙa tsire fakarun, zai fi samu. Na ce in ya fita da ita, 'yan mata masu kala a gona ma sai sun yi masa ihu. Duk inda muka haɗu, a masallaci ko wajen suna, sai na tayar da zancen, mutane suna dariya, shi ma yana yi. Na ga lokacin da dariyarsa ta fara zama ta dole, amma daɗin bakina bai bar ni na tsaya ba. Daga ƙarshe ya ce mini ya haƙura da waccan, in zaɓa masa wadda na ga ta dace da namiji.

Ranar kasuwa na ja shi can gefen 'yan ƙarafa, inda na taɓa ganin wani mutum da tsohuwar bindigar toka a cikin tarkacen fartanyoyi da garemani. Ban san mutumin ba, ban san garinsu ba, ban kuma tambayi hannun da ta fito ba. Doguwa ce, an naɗe ƙotarta da jar fata, an jera mata wuri, ga layu suna reto. Ta yi kama da ta mahaifina kamar yadda nake tuna ta, kuma ina jin wannan ne kaɗai dalilina. Na ɗaga ta, na jijjiga, na leƙa bakinta da ido ɗaya, ban ga komai ba sai duhu, amma na gyaɗa kai kamar wanda ya gano wani sirri. Taubashina ya saɓa ta ya ce ta yi masa nauyi, ya kuma tambaya ko tsufan nan ba matsala. Na ce masa ai tsohon ƙarfe ya fi na yanzu, nauyin kuwa zai saba. Ya yi maganar takardar izini, na ce wannan sai a hankali. Ya biya, ni na ɗauko ta zuwa gidana, wai zan gyara masa ita. Gyaran da na yi shi ne na goge bayanta da man gyaɗa har ta yi sheƙi.

Da safiyar da za a fita muka taru a gindin tsamiyar bayan gari. Sarkin bakan garinmu, dattijo ne da ya yi farauta tare da mahaifina, ya karɓi bindigar ya juya ta a hannu, sannan ya dube ni ya tambaya ko an ɗaure ta a itace. Ashe al'adarsu ce, duk bindigar da ta shigo sabon hannu ba a fara harba ta a kafaɗa. A jikin itace ake ɗaure ta, a ɗura, a sa doguwar igiya a kunamarta, a ɓuya daga nesa a ja. In mai fashewa ce, ta fashe a kan itacen. Ni ɗan maharbi, sai a wannan safiya na fara jin labarin haka a rayuwata. Ni ya tambaya ba mai bindigar ba, har ya kira ni ɗan gidansu, mafarauta duk suna kallona. Na buɗe baki na ce an yi. Taubashina ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa. Ni na ɗura masa albarushin kuma, na ƙara a kan abin da na ga sauran suna zubawa, don ina so a ji ƙarar bindigar da na zaɓa har ƙauyen gaba.

An kuwa ji ta. Ba mu yi nisa ba fakara ta tashi daga gefen wata gonar gyaɗa da aka cire, aka ce masa ga tasa nan. Ya ɗaga da ƙyar, ya ja. Ƙarar ba irin ta sauran bindigogin ba ce, sai da kunnena ya toshe. Da hayaƙin ya washe na gan shi zaune a ƙasa, ya cusa hannun damansa a hammata, gaban rigarsa ya jiƙe. Bindigar ta tsage daga gindin bututunta, daidai inda hannunsa yake. Yana ta salati, kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko harbin ya sami wani. Kafin mu ɗaga shi mutane sun fito daga kowace gona. Aka sa shi a mota sai asibiti a birni. Babban yatsansa da manuniya ba a iya ceto su ba, na tsakiyar kuma ya sandare har yau.

Na zauna ina jiran a zage ni, ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Goggo tana amsa gaisuwata, amma ta daina tambayata yara. Sarkin baka ya zo har rumfata, muka gaisa, ya ce yana so in nuna masa itacen da na ɗaure bindigar. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Bayan an sallamo taubashina na shiga ɗakinsa na faɗa masa komai, har da cewa ban taɓa harba bindiga ba. Ya ce ai tun a gindin tsamiya ya gane ba a ɗaure ta ba, fuskata ta nuna. Ya yi shiru ne don bai so ya kunyata ni a gaban abokan kawunsa. Ya ce abin da Allah ya rubuta ne, ya yafe mini duniya da lahira. Sai kuma ya yi murmushin nan nasa ya ce yanzu dai ubangida ya nakasa bawansa, sai ya shirya ciyar da shi. Na so in yi dariya don in faranta masa, kuka ne ya zo mini.

Rigunan mutane da ke hannunsa aka mayar wa masu su da aiki rabi. Ya daɗe yana gwada ɗinki da hagu, yana yi yana warwarewa, har ya gaji ya ajiye. Yanzu zare da yadi yake sayarwa a ɗan teburi, yana sayar wa waɗanda a da suke zuwa kallon aikinsa. Ina taimakawa da abin da zan iya, amma buhun gero ba ya zama yatsa. Har gobe yana tsokanata kamar yadda al'ada ta ba shi dama, ni ne dai bakina ya mutu, ban sake iya ramawa ba.

Abin da na koya shi ne, mutumin nan ya fi ni sanin abin da ya dace da shi. Ya san kafaɗarsa, ya san abin da yake nema bai wuce motsa jiki da kurciya ba, ya kuma san hannunsa ne abincin gidansa. Ni ban zaɓa masa bindiga ba, na zaɓi wadda za ta ɗaga sunana ne a majalisa. Don haka ina jan kunnen duk wanda zai fara riƙe bindiga don nishaɗi: ka ɗauki wadda ka fi ƙarfi, ka san inda ta fito, ka yi mata takarda, ka bar waɗanda suka yi shekaru a harkar su gwada ta kafin ta taɓa kafaɗarka. Kada dariyar mutane ta zaɓa maka. Kai kuma da aka zo neman shawararka, in ba ka sani ba, don Allah ka ce ba ka sani ba. Kunyar ba ta wuce ta yini guda. Ni na guje mata, ga shi duk ranar da muka zauna cin tuwo a zauren goggo, kowa ya wanke hannu ya sa a kwano, shi sai an kawo masa cokali.