Ranar da Na Gwada Kayan Jeren Yaya da Mayen Ƙarfe

Laifina ɗaya ne, na ji rabin magana na kwasa da gudu. Ina dawowa daga makaranta ta Ƙofar Durbi na ji wani mai walda yana gaya wa wani Alhaji cewa sitenles mai kyau, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Ya ci gaba da bayani, ni kuwa na riga na yi gaba, ina jin duk Katsina ba wanda ya kai ni sanin ƙarfe.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, kowa sai maganar 'yanci yake. A gida na farke tsohuwar rediyon Baba, na ciro mayen ƙarfen da ke bayan lasifika, na sa a aljihu.

Bikin Yaya ya matso. Goggo, yayar Baba, ita ce mai sayayyar dangi. Duk ɗiyar da za a aurar, ita ke zuwa Kano ta zaɓo kayan jere, kuma ba abin da take taƙama da shi kamar cewa ba a taɓa sayar mata da jabu ba. Ran da ta dawo aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka baje tukwane da kwanuka da tire-tire da cokula da wuƙaƙe, matan unguwa suka cika gidan suna sa albarka.

Sai ga ni. Na ɗora mayen a kan tukunya, ya zame. Na ce, "Wannan ta ci jarrabawa." Na kai shi kan tire, sai ji kake ƙat! Cokula suka bi shi kamar 'yan tsaki. Wuƙa kuwa har tsalle ta yi.

Inna ta ce, "Kai, mi kake yi haka?"

Na ce, "Bincike. Rabin kayan nan jabu ne. Kafin damina ta wuce sun yi ja wur."

"Rufe mana baki!"

"Inna, yanzu mulkin farar hula ake, kowa na da damar magana."

Farar hular ba ta hana ludayi sauka a ƙeyata ba. Amma magana ta riga ta fita. Mata suka shiga karɓar mayen suna gwadawa, ana "lah" ana tafa hannu. Wata ta ce dama ita ƙyallin tiren nan bai kwanta mata ba. Goggo ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta ta shige ɗaki. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Gobarau cewa an damfari Goggo, wasu ma suka ƙara da cewa da saninta. Yaya ta yi kukan da a ganina zai cika randa.

Bayan la'asar ango ya zo gaisuwa. A kamfanin mulmula ƙarfe yake aiki, kuma ni da shi akwai wasa. Yaya ta ɗora mini kayan a ka, ta ce in kai masa zaure ya duba. Na tafi ina taƙama kamar mai kai ƙara.

Ya saurare ni har na gama. Ya karɓi mayen ya ɗora a kan butar roba, ya zame. Ya ce, "Ikon Allah! Injiniya, ashe butar nan ma sitenles ce?"



Ya ce ƙarfen nan ba iri ɗaya ba ne. Duka akwai sinadarin da ke hana tsatsa a ciki, amma haɗin ya bambanta. Ya ƙwanƙwasa tukunyar ya ce wannan an ƙara mata wani ƙarfe da ake kira nikel, shi ya sa maye ba ya kama ta, kuma ta fi jure gishiri da tsami. Tire da cokula babu nikel, maye na kama su, sun fi araha, amma su ma ba sa tsatsa da sauƙi. Ya ɗaga wuƙar ya ce, "Wannan kuma irin mai tauri ce, don ta riƙe kaifi. In aka yi ta da ƙarfen tukunya, albasa ma sai ta yi mata gardama. A dai riƙa goge ta bayan wanki."

Na ce, "To amma mai walda ya ce..."

"Ka tsaya ya gama?"

Ban tsaya ba.

Ashe Goggo na laɓe a bayan ƙofar zaure. Ta leƙo, ba ta dubi ango ba saboda kunya, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, bakin da ya ɓata, shi zai gyara."

Washegari aka ba ni tire da wuƙa da buta, na bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya ina sallama ina karanta darasin ƙarfe. A wani gida sai da aka sa na maimaita saboda tsohuwa ba ta ji sosai. Yara suka biyo ni suna "Injiniya! Injiniya!" har ƙofar gida.

Sunan Goggo ya wanku, aka yi jere da kayan nan ba a cire ko cokali ba. Amma ta rantse ta gama yi wa gidanmu sayayya, kuma ba ta karya ba. Da bikin ƙanwata ya zo, Inna ce ta tafi Kano da kanta, ni ne ɗan dako.