Kurungun Inna

"Ka rantse in kana da gaskiya! Ka rantse ba kai kaz zuba shi ba!"

Muryar Kyauta ce, matar Halliru ƙanen Sa'adu, ta tsallako katangar da ta raba gidan biyu. Sa'adu na zaune a inuwar rumbu bayan la'asar yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Bai yi niyyar saurare ba, katangar ce gajera.

"Ke, rage murya. Mi niz zuba?"

"Maganin ƙwarin albasa mana. Kwalba cike nig gani ranar kasuwa, washegari babu ko ɗigo, ga albasa ko dashe ba a yi ba. Wane ƙwaro kak kashe da shi?"

Allurar ta tsaya a hannun Sa'adu.

Duk ƙauyukan da ke kusa da Marnona sun san shi da sana'ar da ba ta kai a kira ta sana'a ba. Masunta na gaske suna Gulbin Rima, suna fito da tarwaɗa da ragon ruwa. Shi kuwa tudu yake hawa, inda wata ƙorama ke gangarowa da gudu tsakanin duwatsu. A ƙarƙashin duwatsun nan wasu 'yan kurungu ke lafewa, ba su wuce tsawon yatsa ba, sun manne kamar an liƙa su. Ba mai saye. Ko yara raina su suke.

A wurin mahaifinsa ya koya. Ka kafa koma daga ƙasa, ka ɗaga dutse, ruwa ya wurgo maka su. Mai ƙwai ka sake ta. Dutsen kuma ka mayar da shi yadda ka same shi, don gansakukar da ke jikinsa ita ce abincinsu. A can sama akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, nan suke cin rani, nan irinsu yake. Wannan ba a taɓa shi, ba a kuma nuna wa kowa. Yatsun Sa'adu duk tabon ƙayarsu ne.

Don Inna, mahaifiyarsu, yake yi. Tsohuwar ta rasa haƙora, ta rasa sha'awar komai, sai miyar kuka da aka daka busassun kifayen nan a ciki. Duk ranar da ya ajiye mata ƙwarya sai ta dafa kansa, da furfurarsa da komai, ta yi ta shi masa albarka har maƙwabta su ji.

Bana gwiwarsa ta fara ƙin hawa. Shi ya sa ya ja Halliru, manomin albasa mai babur da rufin kwano, ya nuna masa ƙoramar dutse bayan dutse, har gurbin.

Ba a jima ba Sa'adu ya hau wata safiya ya tarar da ruwan ya yi fari da cikin kifi. Manya da ƙanana, masu ƙwai da marasa ƙwai, har kwaɗi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ba a kwashi ko ɗaya ba. Mai zuba guba don ya kama kifi ai kwasa yake. Ya sauko yana hawaye, kuma Halliru ne ya tare shi a hanya, ya karɓar masa komar, yana ta "Allah shi isa, Yaya, Allah shi tona asirin azzalumi."

"To, ni niz zuba!" Muryar Halliru ta fashe a bayan katanga. "Sai mi? Wa ka kai mata shinkahwa? Wa yak kai ta asibiti Wurno bisa babur, cikin ruwa? Wa yas sake mata ruhin ɗaki? Sai ta ce 'madalla' ta juya kai. Shi ko shi kawo ƙwarya guda ta 'yan tsaki, sai albarka har da kuka. Tun muna yara haka na. To bari in ga mi za shi kai mata yanzu."

"Ashe ba kihin kaka so ba," in ji Kyauta, muryarta ta faɗi. "Kai, Malam. Tsohuwa tun ranar ba ta ci abin kirki ba. Hura kaɗai taka kurɓa."



Sa'adu ya duba komar da ke cinyarsa. Ya rasa dalilin da ya sa yake ta ɗinkinta tun da ruwan ya mutu. Ya tuna ranar da suka hau tudu tare, yadda Halliru ya riƙe masa hannu a wurin santsi, yadda ya yi ta tambaya a kan gurbin. Ya zaci ƙauna ce.

Ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauko ƙwaryar Inna daga kan danga, wadda bakinta ya yi baƙi don daɗewa, ya zagaya ta zaure yana jan ƙafa. Ya yi sallama a ƙofar ƙanensa.

Kyauta ta ja mayafi ta shige ɗaki. Halliru ya fito yana murmushin da bai zauna ba.

"Yaya, lahiya? Shigo mana."

Sa'adu bai shiga ba. Ya ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, tsakanin ƙafafunsu.

"Taka ta. Tun damana nib bar maka ita," ya ce. "Don mi kaka zaton nig gwada maka wurin, Halliru? So nika daga bana kai ka kai mata, kanka za ta dahwa."